Ɗurin maniyyi ga shanu: me ya sa ba a kirana sai lokaci ya wuce?

MalaminDabbobi_Giwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, na ga gara in kawo shi nan tunda muna da makiyaya da likitoci da masu sana'ar nono. Shekara uku ke nan da na koyi ɗura wa shanu maniyyi, abin da wasu ke kira barbarar zamani. Ina da tulun naitirojin da ake ajiye maniyyin a daskare a ciki, ina da babur, duk inda aka kira ni a yankinmu ina zuwa. Amma in na yi wa mutum goma bayani, da ƙyar biyu su ce a gwada. Su biyun ma ba sa kirana sai saniya ta gama neman bijimi. Makon jiya wani dattijo ya buga mini waya yana murna, wai ya ga jini-jini a wutsiyar karsanarsa, in zo maza. Na ce masa Baba, wannan jinin yana nuna abin ya wuce da kwana ɗaya ko biyu, sai dai mu jira zagaye na gaba. Ransa ya ɓaci, ya ce dama an faɗa masa aikin namu cin kuɗin mutane ne. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Ta wace hanya za a bi mutanenmu su karɓi abin nan, su kuma iya gane lokacin da saniya ke nema? In laifin daga wajenmu ne masu aikin, ku faɗa mini, zan ɗauka.

Bappa_Ruga:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a ruga aka yanke mini cibiya, bari in faɗa maka yadda iyayenmu ke kallon abin. Bijimi ba ya makara. Da su yake kwana, da su yake kiwo, tun kafin ɗan Adam ya ga komai shi ya sansano. Kai kuwa kana gari, sai an same ka a waya, sai ka samu mai, sai hanya ta yi kyau. In ka ɗura bai kama ba, an yi asarar kuɗi an yi asarar sati uku, alhali ga bijimi nan tsaye kyauta. Na biyu, shanunmu matafiya ne. Maraƙar da ka haɗa da jinin Turawa ba za ta iya bin mu kudu da rani ba, kaska da sammore za su kayar da ita a hanya. Dattijan nan da kake gani lissafi suke yi kafin su ce maka a'a.

Hajiya_MaiKindirmo:
Ni kam na ci moriyarsa, ba zan ɓoye ba. Shanu huɗu gare ni a bayan gida a Kumbotso. Biyu daga ciki 'ya'yan ɗuri ne, uwarsu Bunaji, uban Firiziyan, irin shanun Turawa baƙi-da-fari masu yawan nono. Uwar in ta ba ni lita biyu a rana na gode Allah. 'Yarta ta fari, a haihuwarta ta biyu, tana ba ni lita tara zuwa goma in na wadata ta da dusa da harawa da ruwa. Amma kafin uwar ta ɗauka sai da aka ɗura mata sau uku, saura kaɗan in fasa. Kuma matsalar da Malam ya faɗa ita ce tawa. A turke take ita kaɗai, wa zai hau ta balle in gani?

Dakta_Shanu:
Malam Giwa, Allah ya ba ka haƙuri, duk mai wannan aiki ya sha irin maganar nan. Bari in ɗan tsawaita saboda waɗanda ba su san yadda abin yake ba.

Saniya lafiyayya wadda ba ta da ciki tana zagayowa neman bijimi duk bayan kwana 21, wata 18, wata har 24. Alamar da ba ta ƙarya guda ɗaya ce: wata saniya ta hau ta, ita kuma ta tsaya cak ba ta gusa ba. Wadda ta yi hawan ba lallai ita ce mai nema ba, wataƙila tana gab da shiga ne. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su kira mu a kan wadda ta hau, su bar wadda ta tsaya. Sauran alamomin masu taimakawa ne: yauƙi garai-garai kamar farin ɗanyen ƙwai yana zuba yana manne wa wutsiya, gabanta ya kumbura cikinsa ya yi ja, yawan kuka, rashin natsuwa, ƙin cin abinci, nono ya ragu, gashin gindin wutsiya ya tashi ko ya goge, ko ka ga laka a kwiɓinta daga kofaton wadda ta hau ta.

A shanun Turawa tsayawar kan kai awa 12 zuwa 18. Namu masu tozo, Bunaji da Bokolo da Rahaji, nasu ya fi gajarta, kuma sau da yawa cikin dare ko da asuba suke yi. In rana ta take sai su kwanta a inuwa kamar ba abin da ya faru. Ƙwan ba ya fitowa sai bayan ta daina tsayawa da kamar awa 10 zuwa 14. Shi kuma maniyyin da aka ɗura yana buƙatar 'yan awanni a cikin mahaifa kafin ya iya aiki, kuma ba ya wuce kamar kwana ɗaya da rai. Daga nan aka samo ƙa'idar da muke bi: ka gani da safe a ɗura da yamma, ka gani da yamma a ɗura washegari da safe. Jinin da dattijon ya gani kuwa, Malam ya yi daidai, ya riga ya wuce. Amma jinin yana da amfani, domin daga ranar sai a ƙirga kwana 18 ko 19 a fara sa ido.

Sadiq_Samaru:
Dakta Allah ya ƙara ilimi. To mai 'yan shanu kaɗan a turke kamar Hajiya fa, yaya za ta yi?

Dakta_Shanu:
@Sadiq_Samaru a kwance su. Rabin awa bayan sallar asuba, rabin awa gab da magariba, a sake su tare a cikin shinge, mutum ya zauna ya zuba musu ido. Kada ya zama lokacin da aka zuba dusa, saniyar da ke ci ba ta hawan kowa. In da hali a ƙara leƙawa bayan isha. Sannan a samu alli mai kala ko fenti a shafa a gindin wutsiya, tsawon tafin hannu. In aka wayi gari ya goge, an hau ta cikin dare. Mai saniya ɗaya tilo kuma sai ta dogara da yauƙin da kukan da ƙirgen kwanaki.

Inna_Wuro:
Ku yi haƙuri in sa baki. Duk maganar nan da maza ake yi, alhali a ruga nono na mace ne. Ni ke tsugunawa a gindin saniyar nan kullum da sassafe da ƙwaryata. Ranar da ta rage nono ni na fara sani. Ranar da ta ƙi tsayawa a tatse ta, tana ta waige-waige tana kuka, ni na sani. Wutsiyar da Dakta ke cewa a duba, a fuskata take kaɗawa. Amma in malaman dabbobi sun zo, a ƙofar Arɗo suke zama su yi bayaninsu da maza su tafi, mu ko labari ba ma ji. Bayan mu sai yaran da ke bin shanu daji, su ke ganin wacce aka hau wacce ta tsaya. Maigida yana kasuwa. Malam Giwa, ka taɓa zama da matan rugar da kake zuwa?

MalaminDabbobi_Giwa:
Inna, gaskiya ban taɓa ba. Lambar maigida nake karɓa, shi nake jira ya kira. Kin buɗe mini ido. Sai dai shiga wajen mata ba kowane gida zai yarda ba, ina ga sai na nemi wata malamar lafiyar dabbobi mu riƙa zuwa tare.

Alhaji_Fansho:
Ni ina da ƙorafi, kuma ba kan Malam Giwa ba, ban san shi ba. Da na ajiye aiki na zuba kuɗin sallamata a shanu. Wani yaro ya zo mini da sunan mai ɗuri, ya ɗura wa shanuna shida, ya karɓi kuɗinsa cas. Na lura tsinkayen maniyyin, wato siraran robobin da ake zuba shi a ciki, a cikin filas na shayi ya kawo su da ƙanƙara, amma a lokacin ban san komai ba. Ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Na jira wata huɗu ina ciyar da su a matsayin masu ciki. Da na kira shi ya ce shanuna ne ba su da kyau, daga baya layin ma ya daina shiga. Irin waɗannan su ke ɓata muku suna. Mutum ɗaya in aka yi masa haka, duk ƙauyensu sun ji.

MalaminDabbobi_Giwa:
Innalillahi. Alhaji, wannan matattun tsinkaye aka sa maka. Maniyyin da aka daskarar a cikin ruwan naitirojin yake zama, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifili. Ƙanƙara ba ta kusa da wannan. Kuma ruwan yana ƙafewa a hankali ko ba a buɗe tulun ba, dole a riƙa auna shi da sanda ana ƙarawa. In ya ƙafe sau ɗaya, duk abin da ke ciki ya tashi aiki, ko da an sake cikawa. Ga abin da mai saniya zai lura da shi da idonsa: tulun ya zo har wurin, ka ga farin hayaƙi in an buɗe. A ciro tsinke ɗaya da sauri ba tare da an ɗago sauran sama da wuyan tulun ba. A sa shi a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 35 zuwa 37, na kamar daƙiƙa 30 zuwa 40, a goge shi ya bushe, a sa a bindigar ɗuri, a gama cikin minti 10 zuwa 15. Mai aikin ya sa doguwar safar hannu, ya share gaban saniyar. A jikin tsinken akwai sunan bijimin da irinsa a rubuce, ka ce a ba ka fankon ka ajiye. Wanda ya ƙi ba ka, ka sa masa alamar tambaya.

Sadiq_Samaru:
Kuma Alhaji da an duba cikin da wuri da ba a yi asarar wata huɗu ba. In ta kai kwana 21 ba ta dawo nema ba alama ce mai kyau, amma tabbaci sai likita ya sa hannu ya duba bayan kamar wata biyu. Da na'urar sikanin ana iya gani tun wajen kwana 30.

Abu_Hafsat:
Ni tambayata daban ce. Wasu a garinmu cewa suke abin bai halatta ba, wai shiga aikin Allah ne, kuma an hana sayar da ruwan namijin dabba. Masu ilimi a taimaka, don wannan na hana mutane da yawa ko da ba sa faɗa a fili.

Ɗalibin_Zaure:
@Abu_Hafsat hadisin gaskiya ne, ya zo daga Ibn Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗin bayen namijin dabba. Malamai sun bayyana dalilin da cewa ciniki ne na abin da ba a san adadinsa ba, kuma mai shi ba shi da ikon tabbatar da miƙa shi. A mazhabarmu ta Malikiyya an yi sauƙi a kan hayar namijin na wani lokaci sananne. Shi kuwa ɗurin kansa, malamai da yawa na wannan zamani ba su ga laifinsa ga dabbobi ba, tunda babu maganar nasaba a kansu, kuma riƙo da sababi ne kamar yadda ake yi wa dabino barbara da hannu. Wanda ke rayarwa a cikin mahaifa Allah ne, shi ya sa wata ta ɗauka wata ba ta ɗauka. Duk da haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je wa malamin garinsu da cikakken bayanin yadda ake yi.

Abu_Hafsat:
Na gode, Allah ya saka. Da limamai za su ji wannan bayanin daga bakin likitoci, da an rage surutu.

Ɗan_Filinge:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni abin da ban gane ba, mi ya sa in an ce ɗuri sai hankalinku ya tafi ga shanun Turawa? Mu nan Nijar muna da shanun Azawak, kuma ga tashar kiwo ta Tukunus kusa da mu, an daɗe ana zaɓen masu nono daga cikinsu, har ana ɗibar maniyyin bijimansu. Azawak ta san rana, ta san ƙishirwa, ta san tafiya, kuma nononta ya fi na shanu da yawa na yankin ga. Abin da Bappa ya faɗa na tafiya, in da irin gida mai kyau aka ɗura, ai matsalar ta ragu. Bijimi guda na ƙwarai, in an bar shi da kansa shanu kaɗan zai hau a shekara, in an ɗebi maniyyinsa an raba a tsinkaye sai ya kai ga dubbai. Amfanin abin ke nan tun asali.

Bappa_Ruga:
Ɗan Filinge ka yi magana. In Azawak ce ko Bokolo mai kyau, ni da kaina zan kawo saniya. Amma duk wanda ya zo mana, baƙi-da-fari yake nuna mana a waya.

ManominDawa:
Ku ƙara da wannan: in maraƙin ya zo namiji fa? Mu nan sa shi ne garma, shi ne amalanke. Karkiya a gaban tozo take zama. Ɗan Firiziyan tozonsa kaɗan ne, kuma rana na yi ya fara haki. A kasuwa ma mai sayen sa na layya ko na biki fari mai tozo da ƙaho yake so. Masu kawo tsarin nan nono kawai suke gani, mu kuwa saniya aiki uku take yi mana.

Dakta_Shanu:
@ManominDawa maganarka a kan hanya take. Akwai maniyyin da aka tace, wanda kusan tara cikin goma mata yake bayarwa, amma ya fi tsada kuma bai kai na gama-gari kamawa ba, an fi sa wa karsana. Ga wanda ba ya tafiya da shanunsa, ni rabi-da-rabi nake ba da shawara, ko abin da bai wuce kashi uku cikin huɗu na jinin waje ba. In aka yi ta ɗura Firiziyan a kan 'yar Firiziyan a kan jikar Firiziyan, za a wayi gari da saniyar da zafi ke hana ta ci, kirci da ciwon kaska suna bin ta. Mutanen Brazil da suka ga haka sai suka haɗa Holstin, wato dangin Firiziyan, da Gir, mai tozo 'yar asalin Indiya, suka tsayar da irin da suke kira Girolando, kashi biyar cikin takwas Holstin, uku Gir. A nan gida NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, ta daɗe tana aiki a kan haɗin Firiziyan da Bunaji. Wani abu kuma, ƙaramar karsana kada a sa mata irin da ke ba da ƙaton maraƙi, haihuwa za ta yi wuya. Jesi, wani irin shanun Turawa mai ƙaramin jiki, ta fi dacewa da ita, 'ya'yanta ƙanana ne, ta fi jure zafi, nononta kuma ya fi mai.

Hajiya_MaiKindirmo:
Wannan na Jesi ban sani ba, da na sani da ita zan sa wa ƙaramar. Masu man shanu ai sai su fi so.

Matashi_Agro:
Ni a ganina duk wahalar gane lokaci an wuce wajen. Akwai allurar homon, a yi wa shanu ashirin rana ɗaya, duk su zo nema tare, mai ɗuri ya zo sau ɗaya ya gama. Me ya sa ba za a bi wannan ba kawai? Kuma ɗuri na hana bakkale, ciwon nan mai sa shanu ɓari, da bijimin haya ke yaɗawa.

Dakta_Shanu:
@Matashi_Agro ana yi, kuma yana da amfani musamman a ruga mai nisa. Amma a yi hattara da abu biyu. Allurar firostagilandin, ɗaya daga cikin alluran homon ɗin, in aka yi wa mai ciki, ɓari za ta yi. Na ga garken da aka yi wa haka ba a duba ba, saniya uku suka zubar, kuma a garken da bijimi ke yawo ba wanda zai rantse wacce ke da ƙaramin ciki. Dole a sa hannu a duba kowacce tukuna. Na biyu, allura ba ta maye gurbin abinci. Saniyar da ake ƙirga haƙarƙarinta a bazara, jikinta ya rufe maganar haihuwa sai ta farfaɗo. Ga maraƙi na tsotso dare da rana, shi ma yana jinkirta dawowarta. Shi ya sa a rugage za ka ga karsana sai ta shekara 4 ko 5 kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma kusan shekara 2. Wadda ke ƙoshe ana iya ɗura mata bayan kwana 45 zuwa 60 da haihuwa.

Gyara kaɗan a kan bakkale: ta fi yaɗuwa ta ɗan da aka yi ɓarinsa da mabiyiya da ruwan haihuwa, in sauran shanu suka lasa ko ya taɓa abincinsu. Tana kama mutum ma, ta ɗanyen nono ko taɓa ɓarin da hannu tsirara. Cututtukan da bijimi ke ɗauka daga wannan saniya zuwa waccan wajen baye akwai su, kuma ɗuri da tsabtataccen maniyyi na kare su. Amma kada mu ce wa mutane ɗuri ya raba su da bakkale, a binne ɓari, a dafa nono.

Ummu_Yogot:
Ni mai sarrafa nono ce a Kaduna, bari in kawo ɓangarenmu. A ce kowa ya yi ɗuri, nono ya yawaita, wa zai saya? Da damina yanzu ma nono har zubar da shi ake a wasu rugage saboda ba hanya ba sanyi, da rani kuma mu neme shi ido rufe mu koma madarar gari. Mace ba za ta sayi dusa da tsada don saniyar lita goma ba sai ta san kullum da safe akwai mai karɓa ya biya. Inda aka kafa wurin tara madara, mutane da kansu suke neman mai ɗuri.

Sadiq_Samaru:
Haka Indiya ta yi. Shirin da suka fara a 1970 a ƙarƙashin Verghese Kurien, a kan tsarin ƙungiyoyin masu madara na garin Anand ya ginu: kowane ƙauye da ƙungiyarsa, a kawo madara safe da yamma a auna a biya, kuma ƙungiyar ce ke kawo abincin shanu da likita da mai ɗuri ɗan ƙauyen. Yau su ne kan gaba a duniya wajen yawan madara, kuma yawancin masu shanun biyu ko uku gare su. Mu ma tunda an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, wannan ne abin da ya kamata a matsa a kai.

Ɗan_Kadawa:
A Kano akwai cibiyar ɗuri a nan Kadawa, kuma a zamanin Ganduje an tura 'ya'yan Fulani Turkiyya suka koyo aikin. Ni abin da na gani, in mai ɗurin ɗan ruga ne, yana jin Fulatanci, ya san sunan kowace saniya, ba a yi masa gardamar da ake yi wa baƙo.

Alhaji_Fansho:
Duk na ji, amma ku dawo kan tambayar Malam. Ni abin da zai sa in sake gwadawa shi ne a ce kuɗin ya haɗa da dawowa. In ba ta ɗauka ba ka dawo ka sake, ka kuma zo ka duba cikin. In ka san sai ta ɗauka za ka ci riba, kai da kanka za ka ƙi ɗura wa wadda lokacinta bai yi ba.

MalaminDabbobi_Giwa:
Alhaji, na yi tunanin haka, amma ka duba ta wajena. Ko a inda aka ƙware, kusan rabi ne ke ɗauka a ɗurin farko. Tsinke saye nake, naitirojin daga nesa nake ɗauko shi, ga man babur. In mai saniya ya kira ni a makare, ko ya bar ta da yunwa, ko ya bar bijimi ya riga ni, ni zan ɗauki asarar? Sai dai a raba: na biyu ya biya kuɗin tsinke kawai, aikin hannu da duba ciki kyauta. Wannan zan iya.

Alhaji_Fansho:
Da sauƙi, amma ni dai na fi son a ce sai ta ɗauka.

Inna_Wuro:
Maganar ƙirga kwana 21 da kuke yi, mu ba da kalanda muke aiki ba. Ku ce kasuwa uku. In ranar kasuwar Alhamis ta nema, a bar Alhamis biyu su wuce, ana gobe ko jibi ta ukun a fara kallonta. Kowace mace a ruga za ta riƙe wannan, da shi muke lissafin bashin nono.

Dakta_Shanu:
Inna, wannan na ɗauka, da shi zan riƙa bayani daga yau.

Bappa_Ruga:
Na yi magana da babanmu jiya da dare a kan zancen nan. Da rani in garke ya tafi, akwai 'yan shanun tatsa biyar da muke bari a gida saboda yara da tsofaffi. Ya ce in za a gwada, a kan biyu daga cikinsu za a gwada, kuma sai an tanadi harawa da angurya tun kaka, don ba zai ga an kawo masa maraƙar da za ta fi ƙarfin rumbunsa ba. Ya ce kuma sai ya ga 'yar ɗuri da idonsa ana tatsar ta, ba a waya ba. Bijiminmu dai yana nan, ba mai taɓa shi.

Hajiya_MaiKindirmo:
Bappa, in hanya ta kawo ku Kano ka kawo Baba ya gani. Ƙarfe shida na safe nake tatsa, ya zo ya riƙe ƙwaryar da hannunsa.

ManominDawa:
Ni har yanzu ba a ba ni amsar sa na huɗa ba. In akwai mai tsinken Bokolo ko Azawak a wajen Funtuwa ya yi magana.

MalaminDabbobi_Giwa:
@ManominDawa zan tambaya maka, a tuluna yanzu Firiziyan da Jesi ne kawai. Ɗazu na koma wajen dattijon nan ba tare da ya kira ni ba. Da farko ko tabarma bai ba ni ba, daga baya ya sauko. Mun ƙirga tare daga ranar da ya ga jinin, na ja masa layuka da gawayi a bangon rumbu, kullum a goge ɗaya. Na shafa wa karsanar alli a gindin wutsiya, na ce a ƙara in ya dushe. Ya ce zai raba ta da bijimin maƙwabcinsa in kwanakin sun matso, amma bai yi mini alkawarin kira ba.

Inna_Wuro:
Malam, karsana ce, ba a tatsar ta, don haka matar gidan ba za ta ga komai ba. Wane yaro ke kai ta kiwo? Shi za ka nema ka nuna masa bambancin wadda ta hau da wadda ta tsaya, ka rubuta masa lambarka a takarda ya sa a aljihu.